Mangwaron Illo a Gonar Aro

A 'Yankuzo ba mai kiransa Illo. Ɗan Nijar ake ce masa, kuma yana amsawa. Shekara goma sha uku mutum yana zaune a gari, yana sallah a sahu ɗaya da jama'a, yana raka gawarsu makwanci, yana cin tuwon sunan 'ya'yansu, amma in ka tare wani a hanya ka ce ya nuna maka gidan Illo, sai ya tsaya yana sosa ƙeya. Ba ƙiyayya ba ce, kada in ɗauki alhakinsu. Rashin kula ne kawai, kuma ni a ganina wani lokaci ya fi ƙiyayya ciwo.

Asalinsa mutumin wani ɗan ƙauye ne arewa da Dakoro, inda gero ke yi in Allah ya so, dukiya kuwa dabbobi ce. Yana da 'yan shanunsa da awaki da raƙumi guda da yake ji da shi. Sai farin shekarar tamanin da huɗu ya zo. Damina ta yi ruwa biyu ta ɗauke, shuka ta ƙone tun ba ta kai gwiwa ba. Shanu suka riƙa kwanciya ba sa tashi. Mutane suka ci dusa, suka ci ganyen da ko jaki ba ya kallo, har gidan tururuwa suka tona don neman 'yan ƙwayoyin hatsi. 'Yarsu Ladidi, wadda ko yaye ba a yi mata ba, a nan ta tafi. Da suka rufe ta, Illo ya dubi matarsa Dije, ita ma ta dube shi. Washegari suka ɗaure tabarma da tukunya suka yi kudu.

A lokacin an rufe iyaka, don haka ta daji suka tsallako, wajen Jibiya, suna bin sawun jakunan 'yan fasa-ƙwauri. Wata babbar mota ta kawo su Gusau, suka yi makonni suna kwana a tasha, Dije tana kuka a ɓoye saboda ba ta taɓa kwanciya a gaban maza baƙi ba. Can Illo ya ji ana cewa kaka ta yi wajen Tsafe, ana neman masu yankan dawa. Haka ƙafa ta kai su 'Yankuzo, gonar wani dattijo Malam Tambaya.

Shi Malam Tambaya ba mai yawan magana ba ne. Ya kalli yadda baƙon nan ke aiki, ba ya ɗaga kai sai an kira sallah, kuma in an kawo fura sai ya rage rabi ya kai wa matarsa. Da aka gama girbi ya kira shi ya ba shi wani ɗaki a ƙarshen gari, sannan ya kai shi wata gona can bayan rafi, wadda aka daɗe da bari saboda nisa.

“Ga ta nan, aro na ba ka. Ka noma ka ci.”

Illo ya durƙusa a nan cikin ƙaiƙayi da ƙaya ya yi ta godiya, har tsohon ya ji kunya ya juya ya tafi.

Gonar nan ita ce ta riƙe shi a ƙasar Najeriya. Ba shi da takarda, ba shi da dangi, ba shi da wanda zai tsaya masa in magana ta tashi. Duk sanda aka fara raɗe-raɗin za a kwashe baƙi a mayar da su ƙasashensu, sai ya tattara ya koma bukkar gona har ƙura ta lafa. In dai yana da inda zai sa garma, to shi mazaunin 'Yankuzo ne. Kowace kaka kuwa yakan ɗauki dami mafi kyau ya kai ƙofar Malam Tambaya, don an gaya masa haka mai aron gona ke yi.

Ka ce Hausa ɗaya ce, ai zama ba zai yi wuya ba. Ina! In ya ce “kamyo” yana nufin babbar mota, ko ya ce “lakwal” yana nufin makarantar boko, sai majalisa ta tuntsire da dariya, wani ya ce, “Ɗan Nijar, don Allah sake faɗi.” Da fari yana tayawa. Daga baya ya ga in ya buɗe baki ba abin da ya faɗa ake saurare ba, yadda ya faɗa ake jira. Sai ya rage magana. Ya koma yana dafa shayinsa a ɗan buta a ƙofar ɗaki, irin na can gida mai ɗaci, yana sha da Dije. Ita kaɗai ce ta san ƙauyensu da sunan rijiyarsu, ita kaɗai ce in ya ce “kin tuna” za ta ce ta tuna.

Ita ma Allah ya karɓe ta a shekara ta shida, bayan ɗan zazzaɓi da bai kai mako ba. Mutanen gari sun yi masa kara, gaskiya, sun zo gaisuwa har uku, an yi sadakar bakwai. Daga nan kowa ya kama gabansa. Ya taɓa neman auren wata bazawara, sai danginta suka ce, “In ya tashi komawa ƙasarsu fa, mu bi ta ina?” Bai sake nema ba. Ɗakin ya yi masa faɗi, shiru ya yi masa yawa, sai ya zama tun asuba yana gona, ba ya dawowa sai rana ta faɗi, ko da rani da ba aikin komai.

Gonar kuwa fayau take, ba ko inuwar da akuya za ta fake. Da Dije na da rai, in ta kawo masa fura, tabarma suke kafawa a kan ƙotar garma su raɓe. Wata rana bayan rasuwarta ya sayo mangwaro a kasuwar Tsafe, ya sha, ya zauna yana juya ƙwallon a hannu. Shi fa ya ga abin da ƙasa ke zama in itatuwa sun ƙare. Ya ga rairayi ya binne gonaki, ya ga mata na kwana a hanyar neman itacen girki. A wurinsu wanda ya raya bishiya ya yi sadakar da ba ta yankewa. Kuma a can ba a aron gona, daji ne shimfiɗe, ka share inda ƙarfinka ya kai ka shuka. Sai ya ce a ransa, mutumin nan ya ba ni gona fayau, bari in mayar masa da ita da inuwa.

Ya tsirar da ƙwallaye a cikin fasassun tukwane, ya dasa huɗu a jere, ya kewaye kowanne da ƙaya saboda awaki. Da rani ya yi, rafi ya ƙafe, sai ya tona rami a cikin yashi yana jiran ruwa ya taru, ya cika gwangwani biyu, ya rataya a sanda ya saɓa a kafaɗa ya hau tudu. Rani uku yana wannan, har kafaɗarsa ta yi kanta. Yana magana da su kuwa, wallahi. Yakan ce wa wannan, “Kai malalaci ne, dubi ɗan'uwanka,” ya ce wa wancan, “Sha a hankali, ba a biyo ka ba.” Abin da yake faɗa wa itatuwan nan a yini ɗaya ya fi abin da yake faɗa wa mutanen gari a wata.

To, ga inda gizo ke saƙa. A ƙasar nan ba a dasa itace a gonar aro. Ka shuka gero, ka shuka dawa, ka shuka wake ko auduga, duk abin da za ka girbe ka kwashe ka bar wa mai ƙasa ƙasarsa. Amma itace? Wanda ya dasa itace ya ce gonar tasa ce ke nan, ko bai buɗe baki ba. Abu ne da kowa ya sani tun yana ƙarami, shi ya sa ba wanda ke faɗa. Masu wucewa suna ganin Illo da gwangwanayensa, su ce, “Sannu da aiki, Ɗan Nijar,” ya amsa da murna. In sun ba da baya sai su taɓa juna. “Ka ga wayo? Ana ganinsa shiru-shiru.” Malam Tambaya kuwa a lokacin idanunsa sun tafi, bai ƙara taka bayan rafi ba. An kai masa magana sau ɗaya, ya ce a bar bawan Allah ya sha inuwa, maganar ta kwanta. Ta kwanta ne, ba ta mutu ba.

Sau ɗaya Illo ya koma gida, shekara goma sha ɗaya da fitowarsa. Ya tarar ƙauyen babu kowa, rijiyar ta cike da rairayi, ya kasa gane inda suka rufe Ladidi. A Dakoro aka ce masa ƙanensa ya yi arewa wajen Libiya tun tuni, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Masu shayi a tasha suna jin maganarsa suka ce, “Ɗan Najeriya, me za a ba ka?” Ya yi kwana biyu ya juyo. Da ya dawo bai gaya wa kowa abin da ya gani ba, kuma ba wanda ya tambaya. Sai ya dasa mangwaro na biyar, can gefe kusa da wani suri. Wannan ya fi ba shi wahala, gara na damunsa, kullum sai ya zuba masa toka.

Ana nan aka ba Zamfara jiharta, Gusau ta zama babban birni, ƙasa ta fara daraja. Gonar da da ba mai so saboda nisa, yanzu kowa ya san iyakarta. Shekara guda bayan haka Malam Tambaya ya rasu. Illo ya yi kuka a maƙabarta irin wanda 'ya'yan mamacin ma ba su yi ba, har ana kallonsa.

Babban ɗan marigayin, Salisu, ma'aikaci ne a wani ofis a Gusau. Ba mugu ba ne, yana da ƙanne takwas da ya zama uba gare su. Da rani ya shigo ya zo zagayen gonaki don rabon gado. Ya iso bayan rafi da hantsi, ya tarar da manyan itatuwa huɗu sun yi fure fal, karo na farko da suka yi da gaske, ƙudan zuma na ta kai da kawowa. Illo ya fito daga ƙarƙashinsu da fara'a, ya shimfiɗa masa buhu.

“Malam Salisu, zauna ka sha inuwar gonarku. Da Malam ya ga wanga, da na ji daɗi.”

Salisu bai zauna ba. “Baba, wa ya ba ka izinin dasa icce a nan?”

“Izini?” Illo ya dube shi. “Ai alheri ne.”

“Ka san yadda ake kiran gonar nan yanzu a gari? Gonar Ɗan Nijar. Ko ƙannena haka suke cewa. A nan kusa da mu an yi haka, aka ba mutum aro ya dasa icce, da ya mutu 'ya'yansa suka kai magana gaban alƙali, suka nuna iccen ubansu. Har yau ana shari'a.”

“Ni ba ni da ɗa, Malam Salisu.”

“Gobe wani ya taso daga Nijar ya ce shi ɗan'uwanka ne fa?”

Illo ya yi wata irin dariya da ba ta da daɗin ji. “Da akwai wanda zai taso nemana, ai da na gode wa Allah.” Sannan ya ce, “A tara dattawa, in faɗa a gabansu cewa icce naku ne, gona taku ce.”

“Dattawan za su mutu, ni ma zan mutu. Muddin kai ke noman gonar, iccen da ka dasa na tsaye a ciki, magana ba ta ƙare ba.” Salisu ya kawar da kai, don shi ma abin bai yi masa daɗi ba. “Ba korarka nake ba. Ka sare su, ka ci gaba da nomanka kamar yadda Babanmu ya bar ka. In kuwa ba za ka sare ba, sai ka saki gonar kowa ya ga ta dawo hannunmu. Zan dawo ranar Juma'a.”

Da la'asar Illo ya tafi gidan marigayin, ya yi sallama da Inna Hajara, matar Malam Tambaya, wadda ta yi shekaru tana aika masa tuwo ranar sallah. Ta fito zaure ta zauna daga gefe.

“Inna, ashe ba a dasa icce a gonar aro?”

“Ba a yi, ɗan nan.”

“Kin san na dasa?”

“Wa bai sani ba? Tun suna cikin ƙaya ake maganarsu.”

“To me ya hana a gaya mini? Shekara bakwai da dasa su, na yi ta jidar ruwa a gaban kowa. Mutum ɗaya, Inna, ya ja ni gefe ya ce Illo, ba a haka a nan.”

Tsohuwar ta daɗe tana murza bakin mayafinta. “Wasu sun ɗauka ka sani, da gangan kake yi. Wasu kuma... to, irin wannan magana ai sai na jiki ke faɗa wa mutum. Kai kuwa kullum kana can kai kaɗai.”

Wannan ta fi maganar Salisu yi masa zafi. Ya yi godiya ya tashi. A hanya mutane suna ta gaishe shi kamar kullum, yana amsawa, yana duban fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Duk sun sani.

Ranar Alhamis da safe ya wasa gatarinsa ya tafi bayan rafi. Ya riga ya yanke shawara, don mai hankali ba ya sakin abincinsa saboda inuwa. Shekarunsa sun haura hamsin, in ya rasa gonar nan ba mai ba shi wata, tunda yanzu sunansa ya fita a mai son cin gonar mutane. Ya tsaya gaban babban, wanda yake ce wa malalaci. Ya yi bisimilla ya ɗaga gatari ya sara. Ɓawon ya tsage, fure ya zubo masa a ka, ruwan itacen ya fara tsattsafowa. Ya ɗaga zai ƙara, hannu ya ƙi. Ya sake gwadawa, ya ƙi. Sai ya yar da gatarin ya zauna a ƙasa ya yi kuka sosai, da murya, tunda ba mai ji. Da ya gama ya kwaɓa laka ya shafe wurin saran.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya sami Salisu a ƙofar gida, a gaban mutane.

“Na mayar da gona. Allah ya jiƙan Malam, ya saka muku da alheri.”

Salisu ya miƙe tsaye. “Haba Baba! Saboda icce? Me za ka ci?”

“Allah na nan. Abu ɗaya nake roƙo. Manyan sun kama ƙasa, ba su bukatar kowa. Amma akwai ƙarami wajen suri, saura masa rani ɗaya. Ka bar ni in riƙa shiga ina ba shi ruwa, in damina ta faɗi shi ke nan.”

Salisu ya dubi dattawan da ke zaune, suka sunkuyar da kai. Ya ce a hankali, “In aka ci gaba da ganinka a ciki da gwangwani, ai ba ka saki ba ke nan. Ka yi haƙuri, Baba. Zan sa a riƙa dubawa.”

Illo ya ce ba komai. Mutumin da ba shi da gona ba shi da abin yi a ƙauye da rani, kuma zama kusa da rafin nan ba tare da ya hau tudun ba ya fi ƙarfinsa. Kafin mangwaron ya nuna ya sayar da hatsinsa ya bar garin. Bai ɗanɗana ko ɗaya ba.

Gusau ya koma, inda ya fara sauka. Ya shiga cikin 'yan ga-ruwa, yawancinsu mutanen ƙasarsu ne sababbin zuwa, yana tura kura cike da jarkoki unguwa-unguwa, gari na ta cika da ma'aikata, kowa na neman ruwa. Suna girmama shi, suna ce masa Baba, amma hirarsu ta wuraren da bai sani ba ce, shi kuma tasa ba ta dame su ba.

In ya sami sarari yakan jingine kurar ya tafi tashar da motocin Tsafe ke sauke fasinja, ya tsaya daga gefe yana duban masu saukowa. In ya hango ɗan 'Yankuzo sai ya matsa da sauri, su gaisa, mutumin ya ce, “A'a, Ɗan Nijar! Ashe kana nan? Kai, mangwaron nan ya yi 'ya'ya bana, gari duk an sha.” Illo ya ji daɗi, ya yi hamdala. Sannan ya rage murya ya yi tambayar da ta kawo shi.

“Ƙaramin fa? Na wajen suri. Ya rayu?”

Ya tambayi mai kai auduga, ya tambayi wani tela, ya tambayi ƙanen Salisu da kansa. Kowanne sai ya ɗan yi tunani, ya ce, “Wane ƙarami? Ai huɗu ne.”